Ƙwarangwal da Agogon Yashi: Yadda Masu Zanen Bugu na Turai Suka Ba Mutuwa Jiki

Bukka ce da ta gaji, rufinta ya yaye har ana hango sama ta tsakanin itatuwa. Uwa ta durƙusa gaban wutar da ta hura a ƙasa, tana riƙe da kasko, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. A bakin ƙofa wani ƙwarangwal ya kama hannun ƙaramin ɗanta, har ya riga ya sa ƙafa waje. Yaron ya waiwayo yana miƙa ɗaya hannun wajen uwarsa. Ita kuwa ta ɗora hannu a ka, baki buɗe, yayan yaron a gefenta shi ma yana kururuwa. A ƙasa, dab da dokin ƙofa, ga agogon yashi, kwalbar nan mai siririn ƙugu wadda yashi ke tsiyaya daga samanta zuwa ƙasanta.

A waya na fara ganin wannan zane, na yi ta buɗe shi da yatsu biyu ina duban fuskar uwar. Sai daga baya na san ainihin girmansa: tsawonsa wajen santimita 6 da rabi, faɗinsa bai cika 5 ba. Na yanki takarda daidai wannan awo na ɗora a tafin hannuna, ko katin cirar kuɗi na banki ya fi ta girma. A ɗan wannan fili aka zuba bukka da hayaƙi da mutum uku da Mutuwa, kuma kowane layi da wuƙa aka fito da shi a jikin katako. Hans Holbein Ƙarami ne ya zana, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ta yau, tsakanin 1523 da 1526. Wanda ya sassaƙa sunansa Hans Lützelburger. Zanen ɗaya ne daga cikin 41 da aka fi sani da Rawar Mutuwa.

Masu nazarin adabinmu suna da kalmomi biyu da suka dace da wannan aiki, mutuntarwa da alamtarwa. Mutuntarwa ita ce a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi hannu da ƙafa da niyya. Alamtarwa kuwa a ajiye abu ya tsaya a madadin wata ma'ana, kamar yadda agogon yashi ke tsayawa a madadin kwanakin da suka rage. Masu zanen bugu na zamanin Renesans, wato ƙarni na 15 da na 16 da ilimi da fasaha suka farfaɗo a Turai, sun haɗa biyun suka gina wani harshe na hoto wanda ko wanda bai iya karatu ba yana jin sa. Abin da na fahimta bayan na daɗe ina duban ayyukansu shi ne, ƙwarangwal ɗin nan ba kasafai yake ba da labarin lahira ba. Rayayyu yake tona wa asiri. Ana kawo shi ne a daidai lokacin da mutum ke tsakiyar halinsa, don a tsayar da shi cak a nuna wa duniya abin da hannunsa ke riƙe da shi.

Kafin a je can, sai an san yadda sana'ar take, don rabin ma'anar a cikinta take. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai sassaƙa hatimi yana yanke roba da reza, yana rubutu a juye don ya fito daidai a takarda, ya riga ya san tushen bugun katako. Mai zane zai zana a fuskar katako mai santsi, mai sassaƙa ya bi da wuƙa ya ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari, ya bar layukan a tsaye kamar kunyoyin gona. A shafa tawada, a danna takarda. Kuskure ɗaya na wuƙa ya isa ya yanke hancin mutum, kuma ba a mayarwa. Bugun tagulla akasin haka ne. Da ɗan ƙarfe mai tsini ake tona layukan a cikin farantin tagulla, a cusa tawada a ramukan, a goge fuskar farantin, sannan matsi mai ƙarfi ya sa takarda mai danshi ta tsotso tawadar. Wannan ya fi fitar da siraran layuka, ya kuma fi tsada. A Jamus takarda ta fara samuwa a gida tun da Ulman Stromer ya kafa masana'antarta a Nuremberg a 1390, sannan Gutenberg ya fito da injin ɗab'insa a Mainz wajajen 1450. Daga nan katako guda ya iya haifar da hoto ɗaruruwa, a sa su cikin littafi ko a sayar da su warwara a kasuwa.

To me ya sa mutuwa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce Baƙar Annoba, wadda tsakanin 1347 da 1351 ta kwashe abin da bai gaza kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Labarin rayayyu uku da suka fita farauta suka yi kiciɓis da gawawwaki uku, waɗanda suka ce musu yadda kuke haka muke dā, yadda muke haka za ku zama, ya girmi annobar, tun ƙarni na 13 yake yawo. Abin da annoba ta yi shi ne ta ƙi tafiya. Bayan 'yan shekaru sai ta sake ɓulla a wannan birni ko wancan, har ya zama babu wanda zai tsufa bai ga an rufe ƙofofin gari ana kwasar gawa a amalanke ba. Ga yaƙe-yaƙe, ga mutuwar jarirai, ga kuma wata sabuwar cuta ta saduwa da ta bazu daga Naples a 1495. Mutumin wancan zamani bai buƙatar a tuna masa cewa ana mutuwa. Abin da ke ɗaga masa hankali shi ne mutuwar fuju'a, wadda za ta same shi bai tuba ba, bai ga limamin coci ba.

Saboda wannan tsoro ne ɗaya daga cikin littattafan hoto na farko da suka yi kasuwa ya kasance jagora ga mai jinya da wanda ke gargara, ana kiransa Ars moriendi, wato sanin yadda ake mutuwa. Gajeren bugunsa hotuna 11 ne. Biyar suna nuna shaiɗanu sun kewaye gadon majiyyaci da jarrabawa biyar: raunin imani, yanke ƙauna, rashin haƙuri, jiji da kai, da son abin duniya. Biyar suna nuna mala'iku suna mayar da martani, na ƙarshe kuma fitar rai lafiya. A Florence ma, mai wa'azin nan Savonarola ya yi huɗuba ranar 2 ga Nuwamba 1496 kan kyakkyawan ƙarshe, inda ya shawarci mutane su rataye hotunan mutuwa a gidajensu, su kuma sa abin da ya kira tabaran mutuwa, su riƙa kallon komai ta cikinsa. Aka buga huɗubar da hotunan katako. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mun san umarnin yawaita tuna mai yanke jin daɗi, mun kuma taso muna jin waƙoƙin wa'azi suna zayyana makara da likkafani da daren farko a kabari. Mu da kalma da rauji muka yi namu, su da tawada da hoto.

Ita Rawar Mutuwa a bango ta fara. A 1424 zuwa 1425 aka zana ta a katangar maƙabartar Innocents da ke Faris: dogon jeri, Fafaroma a gaba, sai sarkin sarakuna, a yi ta gangarowa har zuwa manomi da jariri, kowane rayayye da gawa a gefensa tana jan sa rawa. Basel ma tana da tata a katangar maƙabartar wani coci tun wajajen 1440, kuma Holbein ya zauna a garin tana nan tsaye, sai 1805 aka rushe ta. A 1485 wani mai ɗab'i, Guyot Marchant, ya kwafe ta Faris ya mayar da ita littafi. Bangon na Faris ya daɗe da rushewa, littafin ne ya rage mana. A nan ne bugu ya fara canza al'amarin. Hoton bango sai ka je maƙabarta, cikin jama'a, ka gan shi daga nesa. Na takarda kuwa shi ke biyo ka ɗaki, ka riƙe shi kusa da fitila kai kaɗai.

Albrecht Dürer, ɗan maƙerin zinariya na Nuremberg da aka haifa a 1471, ya koyi aiki a shagon Michael Wolgemut, shagon da ya yi hotunan babban littafin tarihin duniya na Nuremberg na 1493, wanda a cikinsa akwai shafin da ƙwarangwal ke tiƙar rawa a bakin kabari ana busa musu. A 1498, shekara biyu kafin 1500 da mutane da yawa ke zaton ƙarshen duniya ce, Dürer ya fitar da manyan hotunan katako 15 na littafin Wahayin Yahaya. Mafi shahara shi ne na mahaya huɗu. Uku a kan ƙosassun dawakai suke, ɗaya da baka, ɗaya da takobi, ɗaya yana wulwula ma'auni. Na huɗun, Mutuwa, tsoho ne ƙanjamamme a kan doki mai haƙarƙari a waje, yana sharo mutane da mashi mai baki uku. Dokinsa ko sukuwa ba ya yi, takawa yake. A ƙarƙashin kofatai ga talaka, ga matar gida, ga mai kuɗi, kuma wanda ya riga kowa faɗawa bakin dodon wuta mai kambi ne a ka.

Sai dai ni na fi tsayawa kan ayyukansa masu shiru. A wani ɗan bugun tagulla na wajajen 1498, saurayi da budurwa sun ci ado suna yawon shan iska, shi da gashin jimina a hula. Sai ka ƙura ido za ka hango Mutuwa a laɓe bayan itace, ta ɗaga agogon yashi. Su ba su gan ta ba. Kai mai kallo ne ka gani, kuma ba ka da bakin gaya musu. Wannan dabara, a sa mai kallo ya san abin da mutanen hoto ba su sani ba, ita ce jijiyar duk wannan fasaha.

A 1513 Dürer ya yi wanda aka sa wa suna Barde da Mutuwa da Shaiɗan, ko da yake shi kansa Mahayi kawai ya kira shi. Barde cikin sulke daga kai har ƙafa yana ratsa wani kwazazzabo, mashi a kafaɗa, karensa na biye. Mutuwa ta sha gabansa a kan wata rangwamammiyar dabba mai ƙararrawa a wuya, macizai na nannaɗe da kambinta, ta miƙo masa agogon yashi. Shaiɗan mai hancin alade da ƙaho guda yana bayansa. Barden ko ƙifta ido bai yi ba. Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce wannan mumini ne mai tafiya zuwa birnin da ke kan dutse can nesa, kuma ana danganta shi da littafin Erasmus, wani malami na zamanin, kan sojan Kirista. Wasu masana kuwa sun ce ɗan fashi ne cikin sulke, irin waɗanda suka addabi fataken Nuremberg a lokacin, Mutuwa da Shaiɗan kuwa abokan tafiyarsa ne. Ina tare da fassara ta farko, saboda natsuwar dokin da amincin karen. Amma kasancewar hoto ɗaya ya ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna ya nuna iyakar alamtarwa. Agogon yashi yana cewa lokaci na ƙarewa, ba ya cewa mutumin na kirki ne ko mugu. Kuma duk jarumtar barden, ga ƙoƙon kan mutum a kan kututture a daidai inda dokinsa zai taka.

Shekarar da ta biyo baya mahaifiyar Dürer, Barbara, ta rasu, a watan Mayu 1514. 'Ya'ya 18 ta haifa, uku kacal suka girma. Wata biyu kafin rasuwarta ya zana ta da gawayi, ba ƙawa ba ɓoye-ɓoye: jijiyoyin wuya a waje, kumatu sun faɗa, ido ya zazzaro. A wannan zanen babu ƙwarangwal, babu agogo, babu wata alama, fuskar tsohuwa ce kawai. Ya rubuta a littafin tunawarsa cewa ta sha wuyar fitar rai, kuma bayan ta cika ta fi kyau fiye da lokacin da take raye. A shekarar ce ya fitar da bugun tagulla biyu da agogon yashi ke rataye a bangon kowannensu, ɗaya na waliyyi Jerome yana rubutu cikin natsuwa da ƙoƙon kai a bakin taga, ɗaya na wata mai fukafukai da ta yi tagumi cikin tarin kayan aiki. Duk wanda ya ce waɗannan alamomi ado ne na masu ilimi kawai, ya tuna mutumin da ya zana su ya fito ne daga gidan da aka binne 'yan uwansa 15.

Akwai wani abu da harshe ya tilasta mini in lura da shi. Tun ɗazu ina cewa Mutuwa ta zo, ta miƙo, ta laɓe, don a Hausa mace ce. Haka take a Faransanci da Italiyanci. A Jamusanci kuwa namiji ne, kuma wannan ya buɗe wa masu zanen Jamus wata ƙofa. Wajen Hans Baldung, almajirin Dürer, da Sebald Beham, Mutuwa ya zama manemi mai tilas, ya damƙi gashin budurwa ko ya rungumo ta ta baya. Beham ya rubuta a jikin irin waɗannan bugu nasa na shekarun 1540 cewa mutuwa tana shafe duk wani kyau na ɗan Adam. A ganina a nan wa'azin ya yi rauni. Tsiraicin da aka baje an yi shi ne don idon mai saye, ƙwarangwal ɗin ya zama lasisin sayar da abin da ba za a iya sayarwa ba in babu shi. Hans Burgkmair ya fi su gaskiya a bugunsa na 1510 mai launi hawa-hawa da aka yi da katako uku, inda Mutuwa mai fukafukai ta danne saurayi a ƙasa tana shaƙe shi, ta kuma cafke rigar budurwar da haƙori tana ƙoƙarin gudu. Babu sha'awa a wannan, firgici ne tsantsa.

Mu koma wajen Holbein, don shi ne ya kai abin maƙura. Abin da ya yi shi ne ya wargaza jerin rawar. Maimakon a fito da kowa fili a jera, sai Mutuwa ta bi kowa har inda yake sana'arsa. Ya fara da halittar Adamu da Hauwa'u. Da aka kore su daga Aljanna, ga Mutuwa a gabansu tana tsalle tana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya. A hoto na gaba Adamu na saran daji, ita ma ta sa hannu tana taya shi. Daga nan kuma sai gida-gida.

Dubi alƙali. Yana zaune a kujerar shari'a, masu ƙara biyu a gabansa. Ya juya wa talakan baya, ya miƙa tafin hannu wajen mai kuɗin, shi kuwa ya zura hannu a jakarsa. Mutuwa ta lallaɓo ta bayan kujera ta kama sandar alƙalancin tana zarewa. Cinikin bai ma kammala ba. Ɗan majalisar gari yana tsaye a titi yana hira da wani babban mutum, wani matalauci ya cire hula yana taɓa kafaɗarsa, bai ko waiwaya ba, don wani ɗan shaiɗan ya hau wuyansa yana hura masa zugazugi a kunne. Mutuwa na kwance a gaban ƙafarsa da shebur. Marowaci ya kulle kansa a ɗaki mai tagogin ƙarfe, Mutuwa ta zauna a teburinsa tana kwasar tsabar kuɗi tana zubawa a kwano, shi kuma ya ɗaga hannuwa yana ihu, kuma ka rantse kuɗin yake wa kuka, ba ransa ba. Fafaroma na naɗa wani sarki da ya durƙusa yana sumbatar ƙafarsa, shaiɗanu na shawagi a kan rumfar. Shugaban gidan masu zuhudu, ƙato mai teɓa, Mutuwa ta ƙwace hularsa ta sa, ta saɓa sandarsa, tana jan sa da riga. Wata mai zuhudu ta durƙusa gaban bagade da carbi a hannu, amma ta juyar da kai wajen saurayin da ke zaune a bakin gadonta yana kaɗa mata molo, Mutuwa kuwa ta miƙa yatsu tana kashe kyandir. Likita kuma, Mutuwa ce da kanta ta jawo masa wani tsoho majiyyaci, ta miƙa masa kwalbar fitsarin gwaji.

Shekarun da aka yi waɗannan zane suna da muhimmanci. Martin Luther, malamin cocin nan na Jamus, ya tayar da rigima kan takardun yafe zunubi da coci ke sayarwa a 1517, Basel kuma gari ne na masu ɗab'i inda rigimar ke tafasa. A 1524 da 1525 manoman Jamus suka yi bore, aka murƙushe su, aka kashe abin da ake ƙiyastawa ya kai mutum 100,000. Cikin buƙatu 12 da suka rubuta a Memmingen a watan Maris 1525, ta 11 ita ce a soke harajin mutuwa, wato al'adar da in talaka ya mutu ubangidan ƙasa zai zo ya ɗauki mafi kyawun dabbarsa ko tufarsa daga hannun gwauruwa da marayu. Ka riƙe wannan a zuciya ka dubi hoton basaraken da Holbein ya zana. Mutuwa ta sa kayan manomi, ta fizge garkuwar da ke ɗauke da tambarin gidansu ta ɗaga sama za ta rotsa masa kai, sandar sussuka na yashe a ƙasa, shi kuwa ya haɗa hannuwa yana roƙo. Wanda ya ga wannan a 1526 ba ya buƙatar mai fassara.

Mukan ce mutuwa rigar kowa, kuma haka aka saba fassara Rawar Mutuwa, cewa ta daidaita sarki da talaka. Amma Holbein bai ɗinka rigar iri ɗaya ba. Masu iko da duka da fizga take zuwar musu, ta soke barde da mashinsa, ta jawo gimbiya daga gado ta ƙafa. Ga tsoho tukuf kuwa ta riƙe masa hannu a hankali tana yi masa kiɗa, ta kai shi bakin ramin da aka riga aka haƙa, an bar agogon a kan katanga a baya don ba sauran abin aunawa. Manomi kuma, wanda a wurina ya fi duka kyau, yana riƙe da garma cikin tsumma, gashinsa ya leƙo ta hujin hula, dawakai huɗu ramammu na ja. Ba shi da yaron da zai kora masa su, sai ga Mutuwa tana gudu a gefensu da sanda tana taya shi ƙarasa kunyar ƙarshe. Kunyoyin sun miƙe har gindin wani tudu inda rana ke fantsama haske ta bayan coci. Ayar Baibul da aka ɗora a kansa ita ce wadda ta ce da gumin goshinka za ka ci abinci. Ke nan hoton yana yanke hukunci tun kafin ranar hisabi, ta hanyar yadda Mutuwa ke sa hannu a jikin kowa.

Sai yaron nan na bukka ya zo ya rushe lissafin. Bai ci hanci ba, bai tara dukiya ba, bai gaji da duniya ba. Ba a yi masa duka, ba a kuma yi masa kiɗa, an dai kama hannunsa an fita da shi. Ayar da ke kansa daga littafin Ayuba take, cewa ɗan Adam haihuwar mace kwanakinsa kaɗan ne, yana fitowa kamar fure a tattake shi. Ina ganin da Holbein ya tsaya a kan alƙali da marowaci, da aikinsa ya zama habaici mai daɗin kallo ga wanda aka zalunta. Da ya sa yaron dab da ƙarshe, kafin hoton tashin kiyama, ya hana mai kallo wannan jin daɗin.

Ƙanƙantar hotunan ma tana cikin saƙon. Ba a kallonsu daga nesa, ba a kallonsu mutum biyar a lokaci guda. Dole ka sunkuya, ka kawo fuska kusa, ka nemo inda aka ɓoye agogon yashi a wannan shafi, a kan tebur ne ko a ƙasa ko a hannu. Holbein da Lützelburger sun ma yi wanda ya fi wannan ƙanƙanta, haruffan farkon babi 24, kowanne bai wuce santimita 2 da rabi ba, akasarinsu da Mutuwa tana kokawa da wani a bayan harafin. Har likitoci ba su tsira daga wannan harshe ba. A babban littafin likita Vesalius na ilimin sassan jiki, wanda aka buga a Basel a 1543, ƙwarangwal ɗin da aka zana don ɗalibai su koyi sunayen ƙasusuwa ya jingina da kabari ya yi tagumi, hannunsa a kan wani ƙoƙon kai. A shekarar ce Holbein ya mutu a Landan, ana kyautata zaton annoba ce ta ɗauke shi, bai kai 50 ba.

Littafin Rawar Mutuwa bai fito ba sai 1538, a birnin Lyon na Faransa, daga maɗaba'ar 'yan uwa biyu, Melchior da Gaspar Trechsel, shekara 12 bayan an ajiye wuƙa. Masana da yawa suna ganin zafin hotunan a kan manyan coci da masu mulki ne ya sa aka jinkirta. Kowane shafi aka sa masa aya da Latin a sama, baiti huɗu na Faransanci a ƙasa, kuma babu sunan Holbein ko'ina. Alamar da ke ciki ita ce haruffa biyu, H da L, a jikin gadon gimbiyar nan da ake ja ta ƙafa, wato sunan mai sassaƙa. Lützelburger ya mutu a Basel a 1526 aikin bai ƙare ba, kuma da yake Melchior Trechsel ya riga ya ba shi kuɗin kafin alƙalami, katakan suka koma hannunsa a madadin bashi. Marubucin gabatarwar littafin ya yi juyayin wannan mutuwa, ya ambaci wani hoto da aka bari ba a ƙarasa ba, wanda ya ce babu mai ƙarfin halin sa masa hannu: wani mai amalanke da kayansa suka kife a hanya, ƙafar amalanken ta karye, dokinsa ya faɗi, Mutuwa kuwa ta haye kan kaya tana kwance ganga. Sai a bugun da suka biyo baya wani mai wuƙar daban ya sassaƙa shi aka ƙara a littafin.